Yajin Aikin Ma'aikatan Jirgin Ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa, 1947–1948

Gabatarwa

Ranar 10 ga Oktoba, 1947, jiragen ƙasa suka tsaya cak a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulka. Daga Dakar zuwa Bamako, daga Konakiri zuwa Kankan, daga Abijan zuwa Bobo-Dioulasso, daga Kwatano zuwa Paraku, ma'aikata kusan 20,000 na reluwe da na gadojin sauke kayan jiragen ruwa suka ajiye aiki a rana ɗaya. Mafi yawansu ba su koma ba sai ranar 19 ga Maris, 1948, bayan wata biyar da 'yan kwanaki. Yankin bai ga yajin aiki mai tsawo da faɗi kamar wannan ba a duk zamanin mulkin mallaka.

An fi tuna wannan yaji a matsayin wani babi na gwagwarmayar neman mulkin kai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikin hakan. Amma duk wanda ya bi koke-koken da ma'aikatan suka gabatar zai tarar babu inda aka ambaci korar Faransa. Abin da ke ciki shi ne gidan kwana, da hutu, da alawus, da jarrabawar ƙarin girma, da ranar da sabon tsarin aiki zai fara. A ƙarƙashin waɗannan duka akwai abu biyu da suka daɗe suna ci wa ma'aikatan tuwo a ƙwarya: tsarin da ya jera mutane bisa launin fata a wurin aiki ɗaya, da shugabannin da suke sa hannu a kan alkawari su dawo su warware shi. Na farkon an shekara da shekaru ana haƙuri da shi. Na biyun ne ya ƙure haƙurin.

Layuka huɗu, kamfani ɗaya

Faransa ta shimfiɗa layukan dogo huɗu a yankin, kowanne ya tashi daga bakin teku ya nufi cikin ƙasa, kuma babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Mafi tsufa shi ne na Senegal. An buɗe layin Dakar zuwa Saint-Louis a 1885, aka kammala na Kayes zuwa Koulikoro a 1904, sannan a 1924 jirgi ya fara tafiya kai tsaye daga Dakar zuwa Bamako, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau. Layin Gine ya isa Kankan a 1914, na Kwaddibuwa ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, na Dahomi kuwa, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu, ya tsaya a Paraku a 1936. Sunayensu a takarda su ne Dakar-Niger, da Conakry-Niger, da Abidjan-Niger, da Bénin-Niger. Kogin Neja ake nufi da wannan suna, domin can aka yi niyyar kowane layi ya tuƙe, amma babu ko ɗaya da ya shiga ƙasar Nijar. Shi ya sa a wancan zamani gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta fi bin hanyar Kano, ta hau jirgin Nijeriya zuwa Ikko.

Manufar layukan ɗaya ce: kwaso gyaɗa da koko da kofi da ayaba da katako da manja zuwa tashoshin jiragen ruwa, a dawo da atamfa da gishiri da sauran kayan kanti. An gina kaso mai yawa na dogon da aikin tilas. Hukuma takan yanka wa kowane gari adadin majiya ƙarfin da zai bayar, daga baya kuma ta riƙa ɗibar samari da sunan aikin soja, ta miƙa musu diga da shebur maimakon bindiga. Ma'aikatan 1947 'ya'ya ne da ƙanne na waɗanda aka yi wa wannan, kuma ba su manta ba.

Har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu reluwe wani sashe ne na gwamnati. A 1946 aka yi dokar haɗa layukan huɗu a ƙarƙashin hukuma guda mai cin gashin kanta, wadda ta fara aiki a farkon 1947, ana kiranta Régie a taƙaice. Kamfani ne mallakar gwamnati, amma an gindaya masa sharaɗin ya riƙe kansa da abin da yake samu. A majalisar gudanarwarsa akwai jami'an gwamnati, da wakilan 'yan kasuwa masu dakon kaya a jirgin, da wakilan ma'aikata 'yan tsiraru. Burin 'yan kasuwa shi ne kuɗin dako ya yi sauƙi, kuma hanya mafi kusa ta cimma hakan ita ce a danne abin da ake kashewa a kan ma'aikata. Sauyin ya kuma samar wa manya mafaka. In an kai kuka ga gwamna, ya ce ai kamfani ne mai zaman kansa. In an kai ga kamfani, ya ce asusu ba zai ɗauka ba.

Yadda aka jera mutane a wurin aiki

Ma'aikatan reluwe sun kasu mataki-mataki, kowane mataki da dokokinsa, da jadawalin albashinsa, da haƙƙoƙinsa. A can sama akwai rukunin Turawa. A ƙasa da su akwai rukunan 'yan Afirka masu aikin dindindin: akawuna, da masu kula da tasha, da wasu ƙwararrun masu aikin hannu. A ƙasan kowa akwai waɗanda ake kira mataimaka, wato 'yan wucin gadi da ake lissafa wa kuɗi a kan kwanakin da suka yi aiki. A 1946 Turawa ba su kai 500 ba, 'yan Afirka masu aikin dindindin kimanin 1,700 ne, 'yan wucin gadi kuwa sun haura 15,000. Ke nan a cikin kowane 'yan Afirka goma, tara ba su da matsayi tabbatacce.

Sunan wucin gadi ya ɓoye gaskiyar lamarin. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru masu yawa a bakin aiki. Akwai makanikai a cikinsu, da maƙera, da kafintoci, da 'yan wuta, har da direbobin jirgi. Mutum yana iya jan taragai cike da gyaɗa daga Kaolack zuwa Dakar shekara da shekaru, amma a littafin kamfani shi baƙo ne da za a iya sallama kowane lokaci, ba shi da haƙƙin gidan kamfani, ba shi da tabbacin abin da zai ci idan ƙarfi ya ƙare. Baturen da ke aiki kusa da shi kuwa yana da gida, da ƙarin kuɗin zaman ƙasar waje, da dogon hutu wanda kamfani ke biyan kuɗin jirgin ruwansa da na iyalinsa zuwa Faransa.

Alawus ɗin tsadar rayuwa ya fi komai fito da rashin adalcin a fili. An ƙirƙiro shi ne don rage wa ma'aikaci raɗaɗin tsadar garin da aka tura shi, amma sai aka yanka shi bisa mataki: na sama ya karɓi mai tsoka, na ƙasa ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Ma'aikata suka ce mai shinkafa a kasuwa ba ta tambayar matakin mai saye kafin ta faɗi farashi. Haka ma ƙarin girma. Tsakanin wasu matakai an gitta jarrabawa da Faransanci, wadda ƙwararren makaniken da bai yi nisa a boko ba ba zai tsallake ba, ko da shi ne ya koya wa shugabansa yadda ake kwance inji.

Babu inda wannan tsari ya fi bayyana kamar Thiès, garin da ke da nisan kilomita 70 daga Dakar, inda hedikwatar layin Dakar-Niger da manyan garejojin gyaran jirage suke. Gari ne da reluwe ta bunƙasa. Wolof da Bambara da Tukulor da sauran ƙabilu suna aiki a rumfa ɗaya, jiniya ɗaya ke tashe su, kuma kullum suna wucewa ta gefen unguwar Turawa kafin su isa nasu unguwannin. Kamfani ya tara dubban mutane wuri guda don amfanin kansa, ya kuma ba su abin da za su riƙa kwatantawa kowace safiya.

Darasin 1938

Ruwa ba ya tsami banza, kuma yajin 1947 yana da magabata. An yi yaji a reluwen Senegal a 1919 da 1925. A 1937 gwamnatin Faransa ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago a yankin, amma ta taƙaita shiga ga masu ilimin boko, don haka ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta zama ta masu aikin dindindin, a ƙarƙashin François Gning. 'Yan wucin gadi suka ga ba su da mai magana da yawunsu, sai suka taru a bayan wani daga cikinsu mai suna Cheikh Diack. Da shugabannin reluwe suka ga yana tara jama'a, sai suka sauya masa wurin aiki don su raba shi da mutanensa. 'Yan wucin gadin Thiès suka ajiye aiki, ƙungiyar Gning ta ƙi mara musu baya. Ranar 27 ga Satumba, 1938, sojoji suka buɗe wuta a kan masu yajin, mutum shida suka mutu, da dama suka ji rauni. Ba da jimawa ba aka ɗauke Gwamna Janar Marcel de Coppet daga Dakar.

Kowane ɓangare ya ɗauki darasinsa. Hukuma ta gane cewa harbin ma'aikata yana da tsada a siyasance. Ma'aikata kuma suka gane cewa muddin na dindindin da na wucin gadi suna rarrabe, kamfani zai ci gaba da amfani da ɗaya ya karya ɗaya.

Sabon zamani, sabon shugaba

Gwamnatin Vichy ta haramta ƙungiyoyin ƙwadago a lokacin yaƙi, aka dawo da su a 1944. Yaƙin ya bar tsadar rayuwa da ƙarancin kaya a duk Afirka ta Yamma. A Nijeriya ma'aikatan reluwe ne, a ƙarƙashin Michael Imoudu, suka zama ƙashin bayan yajin gama-gari na 1945 wanda ya haura kwana 40, a kan alawus ɗin tsadar rayuwa. A Dakar an yi yajin gama-gari a Janairun 1946, ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni suka samu ƙari. Gning ya hana ma'aikatan reluwe shiga, yana fatan lallami zai samo musu abin da ya fi. Bai samo ba.

Ke nan ɓacin ran ma'aikata ya fara sauka ne a kan shugabannin ƙungiyarsu kafin ya kai ga na kamfani. A watan Mayun 1946 matasan ma'aikatan Thiès suka tilasta wa Gning sauka, aka zaɓi Ibrahima Sarr, wani akawun reluwe haifaffen Saint-Louis mai kimanin shekara 30. Abin da ya fara yi shi ne buɗe ƙofar ƙungiya ga 'yan wucin gadi. Daga nan ya bi tasha-tasha yana ganawa da ma'aikata, ya ziyarci sauran layukan, har aka kafa tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan reluwe 'yan Afirka ta yankin baki ɗaya. Buƙatarsu guda ce, mai sauƙin faɗa: a rushe matakan launin fata, a zuba kowa a tsarin aiki ɗaya, a shigar da 'yan wucin gadi cikinsa.

Zamanin ya ba su makami. A ranar 11 ga Afrilu, 1946, majalisar Faransa ta soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny. Ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta mayar da mazauna ƙasashen mallaka 'yan ƙasa. Kundin tsarin mulkin Oktoban wannan shekara ya amince da 'yancin yajin aiki, ya kuma haramta bambanci saboda asali. Faransa ta shelanta wa duniya cewa ita da mutanen ƙasashen da take mulka al'umma ɗaya ce. Ma'aikatan reluwe suka riƙe ta a kan maganarta: in haka ne, aiki ɗaya, albashi ɗaya. Babu jami'in da zai iya fitowa fili ya ƙaryata wannan ba tare da ya ƙaryata gwamnatinsa ba.

Alkawarin Afrilu da warwarewar Agusta

An kafa kwamitin haɗin gwiwa na kamfani da ma'aikata don tsara sabon tsarin, amma aikinsa ya yi ta tafiyar hawainiya. Ƙungiyar ma'aikata Turawa, wadda take ganin gatanta zai ragu, ta yi ta jan ƙafa. Sarr da mutanensa suka jira lokacin da ya dace. A watan Afrilun 1947 Shugaban Faransa Vincent Auriol ya kawo ziyara Senegal tare da ministan ƙasashen mallaka, Marius Moutet. Ana tsakiyar bukukuwan tarba sai jirage suka tsaya. Kunya ta sa hukuma ta nemi sulhu cikin gaggawa, kuma cikin kwana uku aka sa hannu a kan yarjejeniya. Kamfani ya amince da tsarin aiki ɗaya ga kowa. Ƙungiya kuma ta amince cewa za a rage yawan ma'aikata, kuma shigar da 'yan wucin gadi zai bi cancanta.

Kwamiti ya koma zama, aka shafe watanni ana bin sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da daftari. A watan Agusta majalisar gudanarwar Régie ta yi watsi da shi, tana cewa kamfani ba zai iya ɗaukar nauyin ba. A idon ma'aikata wannan ya wuce saɓanin lissafi. Jami'an gwamnati ne suka fi rinjaye a majalisar, kuma a gaban minista aka yi alkawarin Afrilu. Hannun da ya bayar shi ne ya karɓe. Hausawa na cewa alkawari kaya ne, kuma ma'aikatan sun ga shugabanninsu sun sauke nasu kayan a tsakiyar hanya da zarar baƙi sun koma gida.

Abubuwan da suka rage ana jayayya a kansu, in an jera su, ba su da yawa: daga wace rana sabon tsarin zai fara aiki, su wane ne cikin 'yan wucin gadi za a shigar kuma da wane sharaɗi, ko gidan kamfani haƙƙi ne ko alfarma, ko za a daidaita alawus ɗin tsadar rayuwa, a ina za a gitta jarrabawar ƙarin girma, da kwanakin hutu. Amma kowanne daga cikinsu yana komawa ga tambaya ɗaya: wa ke da ikon yanke matsayin ma'aikaci, rubutacciyar doka ko son ran shugaba? Kamfani yana so ya karɓi sunan tsari ɗaya ya riƙe ikon zaɓen wanda zai ci moriyarsa. Ma'aikata, da suka ga abin da ya sami alkawarin Afrilu, ba su yarda a bar komai a hannun alfarma ba. Ƙungiya ta sa ranar 10 ga Oktoba.

Wata biyar ba albashi

An zaɓi lokacin da hikima. Damina ta ƙare, amfanin gona ya fara shigowa gida, cinikin gyaɗa kuma yana ƙaratowa, lokacin da kamfani da 'yan kasuwa suka fi buƙatar jirgi. A ƙarshen Oktoba mai sasantawa da hukuma ta naɗa ya yanke hukunci, ya ba ma'aikata wasu abubuwa ya hana su wasu. Ƙungiya ta ƙi karɓa. Babban Kwamishina René Barthes ya tsaya a kan cewa hukuncin ya zama doka, yajin ya zama haramtacce, kuma ba zai yi magana da kowa ba sai an koma aiki. Kotu ta yanke wa Sarr ɗaurin 'yan kwanaki da tara, amma hukuma ba ta kai shi gidan yari ba, domin ta san abin da zai biyo baya. Ba ta kuma yi amfani da dokar tilasta wa ma'aikata komawa aiki ba. Inuwar 1938 tana nan.

Dabarar kamfani ita ce ya bar yunwa ta yi masa aiki. Ya ɗauko ma'aikatan jirgi daga Faransa, ya ɗebi sababbin leburori, ya samu wasu jirage suka riƙa motsawa. Lissafin shugabanninsa shi ne mutanen da ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya ba za su wuce 'yan makonni ba. A nan suka yi kuskure, kuma tsarin da suka gina da hannunsu ne ya ruɗe su. Tun da kamfani bai taɓa ɗaukar ɗan wucin gadi a matsayin nasa ba, shi ma bai taɓa yanke cibiyarsa da ƙauye ba. Da yawa suka koma gida suka taya girbi. Wasu suka shiga kamun kifi, wasu ƙira da gyaran kekuna da ƙananan sana'o'i. Dangi suka riƙa aiko da gero da shinkafa. 'Yan kasuwa 'yan ƙasa suka ba da bashi da gudummawa, wasu ƙungiyoyin ƙwadago na yankin da na Faransa suka aiko da ɗan abin da ya samu.

A Thiès ana taro kullum, shugabanni su faɗi inda aka kwana, kowa ya ji da kunnensa, don kada jita-jita ta samu wurin zama. Mata ne suka ɗauki nauyin tukunya: su suka san inda za a samo abin da za a dafa, suka sayar da abin da za a iya sayarwa, suka yi ƙananan sana'o'i. Sun kuma riƙa rera waƙoƙin yabon masu yaji da na zambo ga duk wanda ya saci jiki ya koma aiki. A gari irin Thiès, inda kowa ya san kowa, kunyar zambon ta fi tsoron kora nauyi.

Manyan 'yan siyasar Afirka kuwa sun yi taka-tsantsan. A watan Mayun 1947 aka fitar da 'yan Kwaminis daga gwamnatin Faransa, a ƙarshen shekarar kuma Faransa kanta ta cika da yaje-yajen aiki, ga tawayen Madagaska da aka murƙushe da ƙarfin soja. Ba kowane ɗan majalisa ne yake son a gan shi a gefen masu yaji ba. Ita ma ƙungiyar ta nisanci jam'iyyu, ta nace cewa rigimarta ta wurin aiki ce.

Tsagewar bango da sulhu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A farkon Janairun 1948 ma'aikatan layin Abijan suka koma aiki, kuma an danganta hakan da matsin lambar Houphouët-Boigny, wanda manoman koko da kofi da ke bayansa suke buƙatar jirgi ya kwashe amfaninsu. A Sudan ta Faransa ɗan majalisa Fily Dabo Sissoko ya yi ƙoƙarin janye ma'aikatan yankinsa daga yajin bisa alkawarin zai sama musu maslaha, amma 'yan kaɗan ne suka amsa kiransa. A sauran layukan uku mafi yawan ma'aikata suka cije.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne sauyin shugabanci. A farkon 1948 aka maye gurbin Barthes da Paul Béchard, ɗan siyasa daga Faransa. Ya zauna da ɓangarorin biyu, ya gabatar da shawarwarinsa, aka daidaita a tsakiyar Maris. Ranar 19 ga wata aka koma aiki, a Thiès kuma aka yi jerin gwano da kaɗe-kaɗe.

Babu ɓangaren da ya samu duk abin da yake so. Ma'aikata sun samu tsarin aiki ɗaya, da ƙarin albashi na kashi 20 cikin 100, da alkawarin ba za a hukunta kowa saboda yaji ba, da hanyar shigar da 'yan wucin gadi. Kamfani ya riƙe jarrabawar ƙarin girma a wasu matakai, bai amince gida ya zama haƙƙin kowa ba, bai daidaita alawus ɗin tsadar rayuwa yadda aka nema ba, kuma ya rage yawan ma'aikata. Nauyin ragin ya faɗa a kan 'yan wucin gadi, waɗanda su ne suka fi shan wuyar yajin. An shafe shekaru ana ja-in-ja a kan mayar da waɗanda aka bari a waje, ko da yake adadin masu aikin dindindin ya ƙaru sosai a shekarun da suka biyo baya. A cikin tsari ɗayan ma, Turawa sun ci gaba da mamaye manyan kujeru har zuwa gab da samun mulkin kai.

Tasirin yajin ya wuce reluwe. Hukuma ta fahimci cewa ba za ta sake yi wa ma'aikatan Afirka alkawari a gaban baƙi ta janye a bayan ido ba tare da ta biya farashi ba. A 1950 aka yi doka ta biyu mai sunan Lamine Guèye, wadda ta tanadi daidaita albashi da alawus na ma'aikatan gwamnati ba tare da duba asali ba. A ranar 15 ga Disamba, 1952, bayan yajin gama-gari na kwana ɗaya a duk yankin, aka zartar da dokar ƙwadago ta ƙasashen mallakar Faransa, wadda ta kawo aikin awa 40 a mako da hutu mai albashi. Ma'aikatan Nijar na cikin waɗanda wannan doka ta shafa.

Tarihi da ƙagaggen labari

Ɗaliban adabi sun fi sanin wannan yaji ta hanyar littafin Sembène Ousmane mai suna *Les bouts de bois de Dieu*, wanda ya fito a 1960. Littafin ya kama yanayin Thiès da Bamako da Dakar, ya kuma ba mata matsayin da takardun hukuma ba su ba su ba. Amma ƙagaggen labari ne, kuma marubucin ya yi amfani da 'yancinsa. Tattakin da mata suka yi daga Thiès zuwa Dakar, wanda shi ne ƙololuwar labarin, masana tarihi irin su Frederick Cooper, waɗanda suka bi takardun ajiya suka kuma zanta da tsofaffin ma'aikata, sun nuna cewa ƙirƙirar marubuci ce. Haka nan littafin ya fi karkata yajin zuwa neman 'yanci, alhali mutanen da suka yi shi sun fi tuna shi a matsayin yaƙin neman daidaito da mutunci a wurin aiki. Ya kamata mai nazari ya karanta littafin a matsayin adabi, ya kuma san inda ya rabu da abin da ya faru.

Kammalawa

Shugabannin Régie sun ɗauka matsalarsu ta kuɗi ce, shi ya sa suka yi ta lissafin abin da kowane sharaɗi zai ci. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne yardar ma'aikata, wadda suka zubar a watan Agustan 1947. Daga ranar da aka warware alkawarin Afrilu, duk wani tayi da ya dogara da kyakkyawar niyyar shugaba ya zama abin zargi, kuma ƙananan batutuwan da za a iya kashewa a zama ɗaya suka ci wata biyar. Tsarin da ya mayar da mutum tara cikin goma baƙi a wurin aikinsu ya haifar da ma'aikatan da ba su da abin da za su yi asara sosai in sun tafi, suna kuma da inda za su koma. Sulhu bai yiwu ba sai da aka kawo shugaban da bai sa hannu a saɓa alkawarin ba.

Ibrahima Sarr ya shiga siyasa daga baya, ya zama minista a gwamnatin Mamadou Dia bayan Senegal ta samu mulkin kai. A rikicin Disamban 1962 tsakanin Dia da Shugaba Léopold Sédar Senghor aka kama shi tare da Dia, aka yanke masa ɗaurin shekara 20, aka tsare shi a Kédougou har zuwa 1974. Ya rasu a 1976. Mutumin da Turawan mulkin mallaka suka yi shakkar kullewa na 'yan kwanaki ya shafe fiye da shekara 11 a kurkukun ƙasarsa mai 'yanci.